Filash a cikin ɗaki: me ya sa fuska ke ƙyalli, baya kuma ya yi baƙi?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi a nan Damagaram. Ya sayi Canon 600D ta hannu tare da gilashin 18-55 da ke zuwa da ita, aka kuma ba shi aron filash na ɗorawa a kai, Godox TT685. Ya ɗauki walimar suna a wani salo da daddare, sai hotuna suka fito goshi da karan hanci na ƙyalli, bayan mutane baƙi ƙirin, inuwa ta manne a bango, idanun wasu sun yi ja, ga kuma fararen ɗigo warwatse a ko'ina. Bikin ƴar yayarsa na tafe, shi aka ɗora wa ɗaukar hoto, yana tambaya ko kyamarar ce ba ta da kyau, ko sai ya nemi wata.

Ƙanena, ka bar kyamararka. Tun 2011 aka fito da ita, amma har gobe tana cin biki. Duk abubuwan nan biyar da ka lissafa tushensu ɗaya ne: ka ɗora filash a kan kyamara, ka saita kansa tsaye cikin fuskar mutane, ka harba. In ka juya kan nan ya daina kallon mutane, huɗu daga cikin biyar sun tafi a daren. Na biyar ɗin, baƙin baya, shi ne ke buƙatar ka taɓa saitin kyamara.

Bari mu fara da dalilin ƙyallin. Bakin filash bai kai tafin hannun yaro ba. Duk hasken da ya fito daga ƙaramin wuri yakan zo da kaifi, inuwarsa na da baki kamar an yanka da wuƙa, kuma in ya faɗa kan fata mai gumi sai ya dawo cikin gilashi a dunƙule. Fatarmu ta fi nuna wannan, domin tana da duhu, farin tabon sai ya fito fili a kanta. Ƙara da zafin garin nan, da hodar da aka shafa wa amarya tun la'asar ta fara narkewa, ka ga goshi ya zama madubi. Yanzu ka tuna yadda fuskar mutum take in yana zaune a zaure da hantsi, haske na shigowa ta ƙofa daga gefe guda: ɓangare ɗaya ya haskaka a hankali, ɗayan ya yi ƴar inuwa mai laushi, kammanin mutum ya fito sosai. Abin da muke nema ke nan. Aikinka a ɗakin biki shi ne ka mai da wani bango ko wani sashen rufi ya zama wannan ƙofar. Ka harba hasken a can, ya bazu ya kai faɗin tabarma, sa'an nan ya dawo kan mutane.

Mafi yawan masu koyo in an ce musu haka sai su ɗaga kan filash sama sak. Ya fi na farko, amma bai kai ba. Hasken da ya sauko daga tsakar ka yakan bar ramin ido da duhu, ƙasan haɓa ma haka, in kuwa mace ta yi ɗaurin kallabi mai tudu ko namiji ya sa hula, rabin fuska na shiga inuwa. Ni abin da nake yi shi ne in karkatar da kan zuwa sama kamar rabin hanya, in kuma juya shi baya ta kan kafaɗata, ya nufi inda bango ya haɗu da rufi. Kan TT685 na juyawa ta kowane gefe, saboda haka ba ka da matsala. Wace kafaɗa? Wadda ke ɓangaren da mutumin ya fuskanta. In amarya ta juya hancinta zuwa damarka, ka jefa hasken bayanka ta dama. Da zarar ka juya kyamara tsaye, ka tuna kan filash ma ya juya da ita, sai ka gyara shi, in ba haka ba ka harba wa wanda ke gefenka a ido.

Jan ido kuwa, hasken ne ke shiga ƙwayar ido, ya bugi jijiyoyin jinin da ke can ciki, ya dawo ta hanyar da ya bi. Yana faruwa ne in filash na kusa da gilashi kuma ɗakin na da duhu, ido ya buɗe sosai. Hasken da ya biyo ta bango ba ya yin haka. Fararen ɗigon nan ma ba datti ba ne a gilashinka. Ƙura ce da ke yawo a iska dab da bakin gilashi, filash ya haska ta. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, abin ya fi muni, haka ma in ƴan mata sun taka rawa a kan kafet ɗin da ya sha ƙura. Akwai kuma turaren wuta. Ɗakin amarya ba ya rabuwa da kasko, kuma hayaƙin da idonka bai ɗauke shi komai ba, in filash ya ratsa shi kai tsaye sai hoton ya fito fari-fari kamar an rufa masa mayafi. Ka roƙi uwar ɗaki a fitar da kaskon na ɗan lokaci, a ɗaga labule, kafin ka fara hotunan da za a wanke a rataye.

To amma nan ne garinmu ke da nasa hali, domin ba kowane ɗaki ke da farin rufi ba. Bango na mayar da haske da launinsa. In fentin shuɗi ne, fuskoki za su yi shuɗi-shuɗi, in kore ne su yi kamar marasa lafiya. Filafon katako mai jan fenti da ake yayi a salo da yawa yana mayar da haske ruwan goro, yana kuma shanye fiye da rabinsa. Rufin tol tsirara yana watsa haske ba tsari. Tsofaffin gidajen laka na Birni da Zango, masu rufin azara ko bakan gizo, sun fi kowanne kyau a ido, sun kuma fi kowanne cin haske: ka harba sama, kusan ba abin da zai dawo sai ɗan ja. Saboda haka in na shiga ɗaki, kafin in gaisa da kowa sosai idona na kan rufi da bango, ina neman wuri mafi fari. Ko farin labule ne, ko farar ƙofa, ko wani dattijo da ya tsaya a bayana cikin farar babbar riga, duk suna aiki. Ka kuma kula da fanka. In ka harba ta cikinta, fukafukanta na yanka hasken, wani hoto ya yi haske wani ya yi duhu ba ka san dalili ba.

In ba ka sami fari ko'ina ba, sai ka kawo naka. A saman kan filash ɗin akwai ɗan farin kati da ake jawowa, amma ƙarami ne, amfaninsa kawai ya sa ɗigon haske a cikin ido. Ka yanki farin kwali mai faɗin takardar A4, ka ɗaure shi da roba a bayan kan filash, kan na kallon sama, kwalin ya ɗan ranƙwafo gaba. Wannan ya fi robar nan mai kama da kwano da ake sakawa a bakin filash, wadda ke watsa haske ta kowane gefe tana jiran bango ya dawo da shi. In bangon laka ne, batir kawai take ci. Abin da ya fi duka shi ne ka sauke filash daga kan kyamara gaba ɗaya, ka sa ɗan na'urar rediyo irin Godox X2T a mazauninsa, ka ba wani yaro filash ɗin da farar lema ta hoto ya riƙe a gefenka, sama da kai kaɗan. Ko lema babu, farin zane da mutum biyu suka miƙe a gefe ya wadatar. Amma wannan sai wajen hotunan da aka tsaya aka shirya. Cikin cunkoson liƙi ba wanda zai ba ka filin lema.

Yanzu baƙin baya. Haske na raguwa da nisa fiye da yadda ake zato. In ka ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa, in ka ninka sau uku, ɗaya cikin tara. Ke nan in mutum na mita 2 daga gare ka, jama'ar da ke bayansa na mita 6, kashi ɗaya cikin tara na haskensa suke samu. Kyamara ta auna wa na gaba, na baya sun nutse. Filash ɗin da ke jikin 600D ma lambar ƙarfinsa 13 ce kawai. Ka raba ta da lambar f, wato lambar buɗewar bakin gilashi (in ta ƙaru, bakin ya tsuke), a ce 5.6, ka sami nisan da yake kaiwa: mita 2 da ɗan ɗoriya a ISO 100. ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke jin haske. Iyakarsa ke nan. TT685 an rubuta masa 60, amma wannan a lokacin da aka matse haskensa ne zuwa 200mm. In ya buɗe don ɗaukar ɗaki, abin na sauka zuwa kusan rabi, bango kuma ya ci nasa kason.

Maganin ba ƙara wa filash ƙarfi ba ne. Maganin shi ne ka bar fitilun ɗakin su ma su shiga hoton. Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne abin da ya raba mai hoton biki da mai harbi kawai: kowane hoton filash hoto biyu ne a haɗe. Ɗaya filash ne ya yi shi, cikin ƙiftawar da sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ɗayan hasken ɗakin ne ya yi shi, tsawon lokacin da labulen kyamara, wato marufin cikinta da ke buɗewa haske ya shiga, ya zauna a buɗe. Saurin labule bai shafi hasken filash ba, muddin ba ka wuce 1/200 na daƙiƙa ba, wanda shi ne iyakar kyamararka. Hasken ɗaki kawai yake ƙarawa ko ragewa. Lambar f da ISO kuwa suna taɓa duka biyun.

Saboda haka ka mai da kyamara kan M, inda kai ne ke saita komai da hannu. Kada ka bar ta a Av, inda ita ke zaɓar saurin labule da kanta, domin Canon a nan takan auna wa duhun ɗakin, ta ja labule har kusan rabin daƙiƙa, kowa ya fito da jela. Ka kashe filash tukuna. Ka sa ISO 800, f/4 ko f/5.6, labule 1/60, ka ɗauki ɗakin haka nan. Abin da kake so ka gani shi ne ɗaki mai ɗan duhu amma ana gane kujeru, da labule, da mutanen baya. In ya yi baƙi da yawa, ka hau ISO 1600, ko ka sauko 1/40. Kada tsoron ɗan yashi-yashin ISO ya hana ka. Ba a ganinsa a waya, ba a ganinsa a hoton da aka wanke 10 da 15, amma baƙin rami a bayan amarya kowa na ganinsa. Sai bayan ɗakin ya zauna ne za ka kunna filash, ya ɗora haskensa kan mutanen gaba. Wani amfanin hawa ISO shi ne filash ba ya wahala: daga 100 zuwa 400 nisan da yake kaiwa ya ninka biyu, batir ya daɗe, ya kuma sake cika da wuri.

Gilashinka na 18-55 yana da wani hali da ya kamata ka sani. A 18 yana buɗewa har f/3.5, amma in ka jawo zuwa 55 sai ya tsuke zuwa f/5.6, hasken ɗaki ya ragu fiye da rabi ba ka taɓa komai ba. Ko dai ka kafe shi a f/5.6 tun farko, ko ka riƙa matsawa da ƙafa. Ranar da ka sami hali, ka nemi 50mm f/1.8, don hoton fuska da na ƙunshin hannu.

TTL ko saitin hannu? A TTL filash na fitar da ɗan ƙaramin haske kafin na gaske, kyamara ta auna abin da ya dawo, ta yanke ƙarfin da za a harba. In kana yawo cikin taro, shi ya fi. Sai dai kayanmu na ruɗa shi. Maza biyar cikin farar shadda mai sheƙi za su mayar masa da haske mai yawa, ya ɗauka ya isa, ya rage, fuskoki su yi duhu. Mata cikin anko mai duhu kuma su sa ya ƙara har fuska ta ƙone. Akwai maɓallin ƙari da ragi na filash. Gaban farar shadda ka ƙara kashi biyu cikin uku ko mataki ɗaya (mataki ɗaya na ninka haske biyu), gaban kaya masu duhu ka rage kaɗan. Ka riƙa duba zanen aikin wuyan riga a bayan kyamara: in zaren ya ɓace ya zama fari fat, ka wuce gona da iri. In kuwa wuri ɗaya ka tsaya, dangi na zuwa rukuni-rukuni suna zama kusa da amarya, ka koma saitin hannu, ka fara daga 1/4 na ƙarfin filash in ta bango kake bi, ka gyara sau ɗaya ka bar shi. Hotuna ɗari za su fito iri ɗaya.

Akwai abin da nake so in roƙe ka a nan. Kada ka riƙa ƙara haske don amarya ta fito fara. Na san ana nema, na san wasu na ganin shi ne gwaninta. Amma abin da ke faruwa shi ne fuska ta yi toka-toka, wuya da hannu su bambanta da ita, ƙunshin da aka kwana ana yi ya dushe. Baƙar fata in ta sami haske mai laushi daga gefe tana da kyan da ba ya buƙatar gyara, kuma bayan shekara ashirin ƴaƴanta kamannin uwarsu za su nema a hoton.

Sai launi. Hasken filash ya yi kusa da na rana, wajen 5500K a ma'aunin launin haske, inda ƙaramar lamba ke nufin ja, babba shuɗi. Tsohon ampul mai zare na wajen 2700K, ja ne, fararen LED da suka cika kasuwa yanzu kuwa da yawansu 6500K ne, sun fi filash shuɗi kaɗan. Da fararen LED ba ka da babbar damuwa. In ɗakin jan haske gare shi, mutanen gaba za su fito daidai, baya ya yi ruwan lemo; ni ina son haka in bai yi yawa ba, yana ba hoto ɗumi. In ya yi yawa, akwai ƴar leda mai launin lemo da ake mannawa a bakin filash, ana ce mata CTO, sai ka mai da saitin fari na kyamara kan alamar ampul, komai ya daidaita. Dogon neyon na dā yakan sa kore. Kuma da yake kuran ɗinmu 50Hz ne, irin waɗannan fitilu na ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, saboda haka 1/50 ko 1/100 sun fi ba da launi ɗaya daga hoto zuwa hoto. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, tare da JPEG in katinka na da wuri, gyaran launi a RAW ba ya ɓata hoto.

Ɗakin amarya na da tarkonsa. Madubin gado, gilashin kabad, jeren tasoshi da kwanukan silba, talabijin, duk suna jiran su mayar maka da filash. Kada ka tsaya daura da su sak, ka ɗan goce gefe. Mutane kuma ka janye su daga bango ko da taku biyu ne, inuwa ta faɗi ƙasa a bayansu. Hoton dangi masu layi biyu ko uku, ka ja baya. Daga mita 2, layin da ke mita 3 bai samun ko rabin hasken na gaba. Daga mita 5, layin da ke mita 6 na samun kusan kashi 70 cikin ɗari. Ka sa f/5.6 ko f/8, ka ɗauka sau uku, domin a cikin mutum goma sha biyar ba a rasa mai rufe ido.

Wajen rawa kana iya wasa da labule. Ka sauko 1/15 ko 1/20, filash zai tsayar da fuskar mai rawa, fitilun baya da gefen mayafi su ja ɗan zare na motsi. Ka sa filash ya tashi a labule na biyu, wato dab da labulen zai rufe, in kyamararka na faransanci ce za ka ga an rubuta 2e rideau, don zaren ya bi bayan mutum maimakon ya riga shi. Kaɗan daga irin wannan ya isa, iyaye hoton da ya fito tsaf suke so.

In kuran ya ɗauke kafin a tayar da gurub, kyamara za ta kasa kama mutum. Filash ɗin na da jan haske a gabansa da ke taimaka mata, amma sai tana kan One Shot, saitin kama mutum sau ɗaya, yake kunnuwa, a AI Servo mai bin motsi ba ya yi. Fitilar waya ɗaya da aka haska daga gefe ma ta isa. A irin wannan duhu ba hasken ɗaki da za ka haɗa da shi, saboda haka bango ne kaɗai gatanka.

Batir huɗu AA yake ci. Masu arhar nan na tebur ba za su kai ka ko'ina ba, bayan harbi kaɗan sai ka tsaya kana jiran jar fitila ango ya riga ya wuce. Ka nemi masu caji na NiMH irin Eneloop, jeri uku, ka cika su tun jajibiri, kada ka bar su cikin akwatin babur a rana. Da masu kyau, a cikakken ƙarfi, yana ba da harbi wajen 230, yana kuma sake cika cikin daƙiƙa biyu da rabi. Kamfanin da kansa ya yi gargaɗin kada a jera harbi fiye da 30 a cikakken ƙarfi ba hutu, in an yi a bar shi ya huce minti goma. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ka ɗauka bai ma kai haka ba. In ya lalace kada ka buɗe cikinsa, akwai wutar da ta kai volt 300 ajiye a ciki ko an cire batir.

Wajen suna, kada ka harba wa jariri a fuska daga kusa, ka bi ta bango, ko ka kai shi bakin taga da rana. In an ce maka akwai mai farfaɗiya a wurin, ka bar jera harbi a gabansa. Cikin taron mata kuma ka nemi izinin uwar biki kafin ka shiga, wadda ta kau da kai ko ta ja mayafi ka sauke kyamara, kuma hoton matar mutane ba ya hawa Facebook ko WhatsApp sai masu shi sun ce a sa.

Tun da gidan yayarka ne, kana da damar da yawancinmu ba ma samu. Ka je ɗakin da za a yi taron kwana biyu kafin biki, da daddare, a kunna fitilun da za a kunna ranar. Ka sa mutum ɗaya ya sa farar shadda, ɗaya ya sa kaya mai duhu, ka tsayar da su inda amarya za ta zauna. Ka gwada kowace kusurwa ta rufi, ka ga wadda ta fi mayar da haske mai tsabta, ka rubuta ISO da lambar f da saurin labulen da suka yi maka a takarda, ka manna ta a bayan filash ɗin.